Sana'ar Bin Sawun Takun da Ba a Taka Ba

Bahaushe ya ce da-na-sani ƙeya ce, a baya take. To, akwai mutanen da a ƙeyar nan suke samun abincinsu. Idan manyan gwanayen shaɗaranji biyu suka gama karawa, suka yi musabaha kowa ya kama gabansa, a lokacin ne aikin waɗannan mutane yake farawa. Sai su sake jera 'ya'yan wasan, su koma daidai inda al'amari ya karkace, su riƙe tambaya ɗaya tak: da bai taka nan ba, ya taka can, me zai faru? Wani ya kwana a kan tambayar, wani ya shekara. Akwai wadda aka yi shekara goma sha huɗu ana ja-in-ja a kanta kafin wani yaro ya rufe bakin zancen.

A Omdurman na fara ganin wannan aiki da idona, lokacin ina ɗalibi a Khartum. Ranar Juma'a mukan haye gadar Farin Nilu mu je kallon zikirin 'yan Ƙadiriyya a hubbaren Hamad an-Nil, kafin nan kuma mu tsaya wurin wata mai shayi a gefen kasuwa. A nan wani dattijo yake zama a kan 'yar kujerar igiya, da allon shaɗaranji na leda wanda ya koɗe, da wani littafin rubutu mai kauri da aka ɗaure da roba. Bahaushen Sudan ne. Kakansa ya baro ƙasar Hausa da niyyar hajji a ƙafa, ya yada zango a bakin Nilu, zango ya zama gida, kamar dai dubban mutanenmu na Mai Wurno da sauran garuruwa. Ya yi ritaya daga koyar da lissafi. Abin da ya ja hankalina shi ne ba kasafai yake wasa da kowa ba. Shi kaɗai yake zama, ya matsar da doki, ya yi shiru, ya mayar da shi, ya rubuta wani abu, kofin jabanarsa mai citta yana hucewa a gefe.

Wata rana na kawo masa wani wasa da na gani, na nuna masa waya na ce manhaja ta ce taku na kaza kuskure ne.

Ya ce, "Don me, ɗana?"

Na ce, "Baba, ga shi nan, lissafinta ya nuna mai farare ya faɗi da maki biyu."

Ya ɗauke wayar daga hannuna ya kife ta a kan tire. "Ba abin da ta ce na tambaye ka ba. Zauna a kujerar mai baƙaƙe ka nuna mini da hannunka yadda za ka hukunta shi."

Na kasa. Muka yi sa'a guda a kan gurbin nan, sai da aka kira la'asar ya naɗe allon. Ranar na gane cewa sanin taku ba shi da kyau daban ne, sanin dalili kuma daban, kuma a tsakanin biyun nan sana'ar take zaune.

A bakinsa na koyi sunayen 'ya'yan wasan yadda ake kiransu a can: sarki, waziri, giwa, doki, askari wato soja, sai ɗabiya, wadda take tsaye a kusurwa tana tafiya miƙe. Sunan nan na ƙarshe ba baƙo ba ne ga mutumin Omdurman, domin haka ake kiran ganuwoyin lakar nan masu ƙofofin harbi da aka gina a bakin kogi zamanin Halifa Abdullahi don tarbar jiragen ruwan Kitchener, gab da yaƙin Karari na 2 ga Satumba 1898. Idan aka tsare sarki a ce "kish malik", idan ba shi da mafita a ce "kish mat". A gida 'yan jarida sukan kira wasan darar Turawa, amma Turawa ba su same shi ba sai ta hannun Musulmi. Daga Indiya ya taso, ya bi ta Farisa, ya zauna a Bagadaza, kuma a can aka haifi wannan sana'a ta sharhi. Al-Adli ya rubuta littafi a kan wasan a ƙarni na 9. Bayansa Abubakar as-Suli, wanda ya yi fice a fadar Halifa al-Muktafi ya kuma rasu wajen 946, ya bi aikin magabacinsa yana gyara kurakurai. As-Suli ya bar wani gurbi guda mai 'ya'ya huɗu kacal, yana mai bugun ƙirji cewa ba mai warware shi sai wanda ya koya wa. An yi kusan shekara dubu, sai a shekarun 1980 gwanin Rasha Yuri Averbakh ya fito da cikakkiyar amsa, ta kuma tabbatar da cewa tsohon bai yi ƙarya ba.

Na san mai karatu da ya zauna gaban malami ya biya Risala zai tuna cewa Malikiyya sun tsananta a kan wannan wasa, Shafi'iyya kuma suka sassauta matuƙar babu caca kuma bai shagaltar da mutum daga salla ba. Wannan fagen malamai ne. Abin da na gani dai shi ne dattijon nan bai taɓa barin kiran salla ya same shi da doki a hannu har ya ƙarasa ba, kuma ko kofin shayi bai yarda a sa a kan wasa ba.

Jarin farko na mai wannan sana'a rubutu ne. Allon gida 64 ne, kowane gida da sunansa: layukan tsaye daga a zuwa h, na kwance daga 1 zuwa 8. A babbar gasa dole kowane ɗan wasa ya rubuta takunsa da na abokin karawarsa a takarda, shi ya sa wasan da aka yi shekara ɗari da hamsin da suka wuce za ka iya jera shi yau a tsakar gidanka, ba ƙari ba ragi. Jari na biyu shi ne sanin abin da za a watsar. Mai farare yana da zaɓi 20 a takun farko, mai baƙaƙe ma 20, hanyoyi 400 ke nan. Kafin kowannensu ya yi taku uku, hanyoyin sun haura miliyan 119. A 1950 masanin lissafi Claude Shannon ya ƙiyasta yawan wasannin da za su iya faruwa da lamba 1 mai sifili 120 a gabanta. Ba mahalukin da zai bi wannan daji itace bayan itace. Don haka gwani yakan ware taku biyu ko uku da suka cancanci a duba, ya bi kowanne har inda ƙura ta lafa, yana nema wa abokin gaba amsa mafi zafi a kowace gaɓa, sannan ya yanke hukunci: wane ne a sama, ko kuwa canjaras ne. A nan ake gane mai gaskiya. Mai son zuciya yakan ba wa ɓangaren da ba ya so amsa mai rauni don lissafinsa ya fita. Tun daga 1966, mujallar Informator ta birnin Balgired ta yaɗa alamomin da kowa yake amfani da su yau ba tare da buƙatar tafinta ba: alamar motsin rai ga taku mai kyau, alamar tambaya ga kuskure, tambaya biyu ga katoɓara.

Wasan da dattijon nan ya fi sa ni jerawa shi ne na garin Varna a Bulgeriya, a gasar ƙasashen duniya ta 1962. Mikhail Botvinnik na Tarayyar Sobiyet, zakaran duniya mai shekara 51, yana riƙe da farare. Bobby Fischer na Amurka, ɗan shekara 19, yana riƙe da baƙaƙe. Sau ɗayan nan suka taɓa karawa a rayuwarsu. Botvinnik ya zo da shirin da ya daɗe da nazarta a gida, yana takawa cikin natsuwa, sai a taku na 17 Fischer ya sa waziri ya cinye soja a gidan f4, gidan da giwar farare take tsaro. Aka ci wazirinsa, shi ma nan take ya ci na Botvinnik da doki, ƙura ta lafa yana da rarar soja guda. Zakaran duniya ya yi nazarin gurbin a ɗakinsa amma wannan taku ya kuɓuce masa.

A wancan zamani idan an yi sa'a biyar ba a gama ba, sai a ɗage wasa zuwa gobe. Wanda taku ya zo kansa ya rubuta shi a ɓoye, a rufe a ambulan, alƙali ya ajiye. A taku na 45 aka ɗage, kowa yana ganin Botvinnik ya faɗi. Fischer ya tafi ya kwanta. Tawagar Sobiyet kuwa ba ta runtsa ba. Efim Geller ne ya hango dabarar da ta saɓa wa hankali: a ƙyale baƙaƙe su mallaki sojoji biyu maƙwabtan juna a ɓangaren waziri, abin da kowane ɗan koyo aka hana shi yi, farare su dogara da sojansu na gefe da ɗabiyar da za ta yi ta damun sarki ta baya. Botvinnik da mataimakansa suka bi rassan dabarar har gab da asuba. Da aka dawo, a taku na 51 Fischer ya tura sojansa zuwa b5, yana ganin hanya ta buɗe. Botvinnik ya tura nasa zuwa h5, ya miƙa shi kyauta. Fischer ya ci, sai ɗabiyar farare ta sauko layi na biyar ta yi kish, ta share layin ta ɗauke sojan b5. Sojojin baƙaƙe da suka rage suka zama ɗaya a gabas ɗaya a yamma, ba mai taimakon wani. A taku na 68 aka tashi canjaras.

A nan sana'ar ta karɓi zancen. Botvinnik ya buga sharhinsa yana cewa ko da Fischer ya matso da sarkinsa zuwa d4 a taku na 51 maimakon tura soja, canjaras ɗin dai za a yi. Fischer, a littafinsa na zaɓaɓɓun wasanni sittin da ya fito a 1969, ya ce sam. Ya bi layin Botvinnik taku bayan taku, kowane ɓangare ya naɗa sabon waziri, har zuwa taku na 66, inda ya nuna wani motsin ɗabiya da ya ce zakaran bai gani ba, ya yanke hukuncin cewa nasara tasa ce. Ka lura, duk wannan a kan wasan da ba a taɓa yi ba ake magana, taku goma sha biyar cikin duniyar "da a ce". Botvinnik yana da makarantar horar da yara masu hazaƙa, ya riƙa ba su gurbin a matsayin aikin gida. A 1976 wani yaro ɗan shekara 13 daga birnin Baku ya kawo amsa: a taku na 67 ɗabiyar farare ta koma c4, ta shiga tsakani, nasarar Fischer ta narke. Sunan yaron Garry Kasparov. Dattijona yakan tsaya a daidai nan ya buga yatsa a kan c4, ya ce, "Ka gani, ɗana? Babba ya yi kuskure, wanda ya gyara masa ya yi kuskure, yaro ya gyara musu duka. Kada ka rubuta 'nasara' sai ka gaji da neman hanyar tsira ga wanda kake so ya faɗi."

Ta ina abinci yake fitowa? Mafi tsoka shi ne aikin mataimaki. Duk wanda zai yi takarar kambin duniya yakan ɗauki gwanaye ya killace su watanni suna tono masa sababbin hanyoyin buɗe wasa da ramukan da abokin karawa zai faɗa. Sau da yawa ba a bayyana sunayensu sai an gama, domin sanin wanda yake taya ka ya isa a gane abin da kake shiryawa. Gasar 2024 a Singafo dala miliyan biyu da rabi aka sa, kuma bayan Gukesh na Indiya akwai Grzegorz Gajewski na Folan da wasu gwanaye, bayan Ding Liren na Sin kuma akwai Richard Rapport. Amana ce ginshiƙin aikin. A 1986, da Kasparov ya sha kashi sau uku a jere hannun Anatoly Karpov, sai ya zargi ɗaya daga cikin mataimakansa da fitar da sirri, suka rabu, alhali ba a taɓa tabbatar da zargin ba. Ƙasa da wannan mataki akwai masu sharhi kai tsaye yayin da ake wasa, da marubuta littattafai, da masu horar da yara.

Zuwan kwamfuta ya sauya komai. Ɗage wasa ya mutu a shekarun 1990, tunda ba ma'ana a tura mutum ɗaki ya tambayi na'ura. Manhajar Stockfish kyauta ce, tana cikin wayar kowane yaro, kuma ta fi kowane ɗan Adam ƙarfi nesa ba kusa ba. Duk gurbin da 'ya'yansa ba su wuce bakwai ba an riga an lissafe shi ƙarshe, har an samu wanda sai an yi taku fiye da 500 kafin a kashe sarki. Wasu suka ce to sana'a ta ƙare. Ni ban yarda ba, kuma ga hujjata.

A 2004 a garin Brissago na Suwizalan, Vladimir Kramnik yana kare kambinsa a gaban Peter Leko na Hangare. A wasa na takwas Kramnik ya yi ta zuba taku cikin sauri, domin tawagarsa ta duba layin da kwamfuta ta ce farare ne a sama. Leko ya zauna yana ƙona lokacinsa, da kansa kawai, har ya hango shigar waziri gidan d3 wadda ta rusa ginin gaba ɗaya. An tsayar da na'urar ne da wuri. Da an bar ta ta ƙara zurfi kaɗan, da ta juya hukuncinta. Dara ta ci gida. Kramnik ya faɗi a wasan da kusan bai yi tunani a cikinsa ba, sai da ya ci wasan ƙarshe aka tashi 7 da 7 ya tsira da kambinsa. Laifin ba na kwamfuta ba ne, na wanda ya karɓi lamba bai zauna a kujerar abokin gaba ba ne.

Sai kuma akasin haka. A Landan a 2018, wasa na shida tsakanin Magnus Carlsen da Fabiano Caruana, wata babbar kwamfuta a Norwe ta sanar cewa a taku na 68 Caruana yana da hanyar kashe sarki cikin taku kimanin 30. Masu kallo a intanet suka yi ca, wai ya zubar da nasara. Amma hanyar tana buƙatar ya kai dokinsa gidan g1, can ƙuryar abokin gaba, ya kulle shi da hannunsa, abin da duk tarbiyyar wasan ta hana. Manyan gwanaye, har da Kasparov, suka ce ba ɗan Adam da zai ga wannan a kan allo agogo yana tafiya. Mai sharhin kirki a nan aikinsa biyu ne: ya fahimtar da mu dalilin da ya sa takun yake aiki, ya kuma yi wa Caruana adalci. Kwatanta da 12 ga Disamba 2024, wasa na 14 a Singafo. Ding ya kawo ɗabiyarsa f2 a taku na 55 yana neman musaya, ya manta giwarsa tana maƙale a kusurwar a8. Gukesh ya karɓi musayar, ya tilasta ta giwaye ma, sojan da yake da shi na rara ya zama kambin duniya a hannun ɗan shekara 18. A wurin na'ura duka biyun kuskure ne da ya sauya sakamako. A wurin mai sana'a, na farko ba laifi ba ne, na biyu kuwa katoɓara ce ta gajiya da matsi bayan mako uku ana gwabzawa. Wanda bai iya bambance su ba bai cancanci a kira shi mai sharhi ba, ko da wace irin kwamfuta yake da ita.

Abin da yake ci mini rai shi ne mu ba baƙin wannan tunani ba ne. Je ka gindin kowace bishiya a Katsina ko Maraɗi inda ake dara, gurbi talatin, kowa da 'ya'ya goma sha biyu. Da an ci mutum za ka ji 'yan kallo sun kaure: "Ai da ka sa nan!" "Ina, da ya sa nan ta can za a shigo masa!" Har a mayar da tsinke a gwada. Haka 'yan Sudan suke yi a kan sijarsu da suke haƙa wa gurabe a ƙasa. Sharhi ne tsantsa, da kaifin basira. Amma da an share ƙasar shi ke nan, gwanin unguwa ya mutu da iliminsa, na bayansa ya faro daga farko. As-Suli ya rubuta, shi ya sa aka iya amsa masa bayan shekara dubu. Masar ta fitar da Ahmed Adly, zakaran matasan duniya na 2007, da likita Bassem Amin. Zambiya ta fitar da Amon Simutowe. Ɗan Nijeriya Odion Aikhoje ya ciyo zinare a allo na biyu a gasar ƙasashen duniya ta 1998 a Elista, Tunde Onakoya kuma ya kai wasan unguwannin talakawan Legas. Ba ƙwaƙwalwa muka rasa ba.

Yaƙin da ya ɓarke a Sudan ranar 15 ga Afrilu 2023 ya tarwatsa majalisu irin na mai shayin nan, ya raba miliyoyin mutane da gidajensu, ɗalibanmu ma a motoci aka kwaso su ta iyakar Masar da Port Sudan. Allah Ya kawo wa Sudan zaman lafiya, Ya mayar da kowa ɗakinsa.

Kai kuma mai karatu, idan kana da allo, ga aikin da dattijon ya ba ni. Farare: sarki a f3, ɗabiya a g7, sojoji a f2 da h4. Baƙaƙe: sarki a e5, ɗabiya a a1, sojoji a a7 da b6 da g6. Taku na baƙaƙe ne. Kife wayarka, ka ɗauki biro da littafi, ka kai sarki d4, ka rubuta duk abin da ka gani da kwanan wata a samansa. In kuwa dara ce wasanka, sa wa gurabun nan talatin lamba, ka fara rubuta wasannin gwanin unguwarku tun yana raye.